Rabin Abin da Ya Rage

A Douala ba don sanyi ake hura wuta ba. Garin da mutum ke fitowa daga wanka yana gumi, wa zai nemi jin ɗumi? Wutar Iya ta sana'a ce. Iya kakata ce, mahaifiyar babana, kuma a hannunta na tashi a unguwar New Bell, domin mahaifiyata ta rasu ban san fuskarta ba, babana kuma direban babbar mota ne, yau yana hanyar Garoua, gobe yana ta Cadi. Gyaɗa Iya take soyawa a cikin yashi, ta ɗura a kwalabe, masu kanti su aiko a ɗauka da safe. Da rana zafi ba ya barin ta tsaya gaban kasko, sai an yi magariba take haɗa itace a murhu. Hayaƙin ya kore mana sauro, mu kuma jikoki da 'ya'yan maƙwabta mu kewaye faifai muna murje ɓawo, ladanmu tatsuniya da ɗan abin da ya kuɓuce ya faɗa baki.

A lokacin babu gidan da ya kai namu tsakar gida a duk layin. Wurin fadama ce a da, Iya da marigayi kakana suka cike ta da ƙasa bokiti bokiti, suka yi ɗakuna biyu can ƙurya, suka bar sauran fili. Akwai rijiya, akwai gwanda biyu, akwai igiyar shanya da matan layi ke rububi duk ranar da rana ta ga damar fitowa. In ana biki ko suna a unguwa, a gidanmu ake kafa tukwane. Iya kuwa tana taƙama da filin nan kamar yadda wasu matan ke taƙama da gwal. Sunan mahaifiyarta aka sa mini, don haka ba ta taɓa kiran sunana ba. Ko faɗa za ta yi mini, sai ta ce, "Uwata, zo nan in ci miki mutunci."

Sai kuma Baffa Sule, ƙanin babana, autan Iya. Bensikin yake yi, wato haya da babur, tasharsu tana Ndokoti. In na ce a duniya babu wanda nake so kamarsa a lokacin, ban yi ƙarya ba. Da mun ji ƙarar babur ɗinsa a bakin layi muke watsar da komai mu ruga, shi kuma ya shigo da dogon burodi a hammata, ya zauna a benci kusa da murhu yana ɗibar gyaɗa mai zafi yana tsokanar Iya.

Shi ya koya mini lissafin rabo. A lekol, wato makarantar boko, malamarmu ta yi ta fama da ni a banza, domin ni a kaina ɗaya cikin takwas ta fi ɗaya cikin huɗu, tunda takwas ta fi huɗu. Ranar da na zo da kuka, Baffa ya sa wuƙa ya raba burodinsa biyu.

"Un demi," ya ce. "Rabi ke nan."

Ya sake raba rabin. "Un quart. Rubu'i." Ya sake raba ɗaya daga ciki. "Un huitième. Wannan shi ne sumuni, wanda Iya ke ce wa tumuni. To, Hauwa'u, wanne kike so, na huɗu ko na takwas?"

Na ce na takwas. Ya miƙo mini ɗan guntun, ya cinye rubu'in a gabana yana lumshe ido. Na yi kuka har da birgima, Iya tana zaginsa tana dariya, amma daga ranar ban sake faɗuwa a wannan lissafin ba.

Shekarar da 'yan kasuwa suka fara kwararowa daga Najeriya, maza zalla ba iyali, kowa yana neman ɗakin da zai ajiye haƙarƙarinsa kusa da kasuwa, a shekarar Baffa ya faɗi da babur ya yi wata guda yana ɗingishi. Da ya samu sauƙi ya zo ya durƙusa gaban Iya, hula a hannu.

"Iya, bensikin ba sana'ar da mutum zai tsufa a kanta ba ce. Ki ba ni rabin filin nan in kafa ɗakunan katako in zuba 'yan haya. Rabi ya ishe ki, ai ko shi ba kya cikawa."

Iya ta ba shi da zuciya ɗaya, har da sa albarka. Aka sare gwanda, kafinta ya zo da katako da kwano. Mu yara murna ma muka yi, mun samu wurin ɓuya. Aka matsar da murhu gefe, hira ta ci gaba kamar babu abin da ya faru.

A 'yan shekarun da suka biyo baya ne tatsuniyar bushiya ta shigo gidanmu. Iya tana da tatsuniyoyi da yawa, na aljanun ruwa, na 'yan mata masu taurin kai, na attajirin da ya haɗiye allura, amma wannan ita ce take maimaitawa har muka fara ƙosawa. Ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi ke yi. Sai ta ƙwanƙwasa matsami a bakin kasko ta ce, "Ga baƙuwa a ƙofa." Mu ce, "A shigo da ita." Sannan ta gyara zama.

Bushiya, in ji Iya, da can ba dunƙulalliya ba ce. Doguwa ce, jikinta sumul, in ta kwanta sai ta miƙe ƙafafu yadda ta ga dama, domin ta haƙa wa kanta rami mai faɗi a kan tudu inda ruwa ba ya shiga. Wata damina sai ga gafiya a bakin ramin, ta jiƙe sharkaf tana rawar ɗari. In Iya ta zo nan sai ta ƙanƙance murya ta karkata kai.

"Yaya Bushiya, ni ba duka nake so ba, Allah ya kiyaye. Rabi kawai."

Bushiya ta dubi raminta ta ga faɗinsa, ta ce gaskiya ne, wanda ya ba da rabi ai yana da rabi. Gafiya ta shigo ta ja katanga a tsakiya. Iya ba da baki kaɗai take ba da labarin ba. Sai ta tara gyaɗa a faifai, ta sa gefen hannu ta tsaga tarin biyu, ta ture rabi gefe.

Damina ta zagayo, gafiya ta haihu. Ta leƙo ta saman katanga da 'ya'ya a baya. "Yaya, kin ga halin da nake ciki. Ba zan taɓa miki duka ba. Rabin abin da ya rage kawai." Bushiya ta ji nauyi, ta ba ta. Hannun Iya ya sake tsaga gyaɗar.

"Uwata, me ya rage wa bushiya?"

"Rubu'i."

Wata daminar kuma gafiya ta tara kaya, kun san ta da tarkace, ba ta da inda za ta zuba. Ta zo da gaisuwa, da tambayar lafiya, da 'yar tsarabar goriba. Rabin abin da ya rage. Hannu ya sake sauka.

"Yanzu fa?"

"Tumuni."

"Daga nan kuma," in ji Iya, "abin ya wuce sunayen da na sani." Haka za ta yi ta tsagawa har a zo kan ƙwayar gyaɗa ɗaya, ita ma ta sa farce ta ɓare ta biyu. Bushiya ta fara naɗe ƙafafu in za ta kwanta, daga baya ta naɗe hannuwa, daga ƙarshe ta cusa kai cikin ciki, domin iyakar wurin da ya rage mata ke nan. Ƙayar jikinta kuwa, duk maganar da ta haɗiye ba ta faɗa ba, ita ce ta fito mata ta baya. Sai Iya ta kaɗe hannu ta ce, "Baƙuwa ta koma, a rufe ƙofa."

Mu dai a wurinmu bushiya wawuya ce, muna faɗa da ƙarfi. Iya ta ce, "To, ku masu wayo, a wane rabin ya kamata ta ce a'a?" Nan musu ke kaurewa. Wani ya ce tun na farko, wata ta ce haba, a bar baiwar Allah a ruwa? Iya ba ta taɓa raba mana gardamar ba, sai ta ci gaba da juya yashinta. Baffa kuwa daga kan benci ya yi dariya ya watsa gyaɗa a baki ya ce, "Iya, wannan gafiyar taki ta iya lissafi."

Da Baffa zai yi aure ya sake zuwa ya durƙusa. Yana son ɗaki da falo na amarya, rabin abin da ya rage kawai. Iya ta ce ya ba ta kwana biyu ta yi tunani. Bayan kwanakin sai ga kafinta. Rijiya ta faɗa ɓangarensa, igiyar shanya ta tafi, matan unguwa suka koma kafa tukwanen biki a wani gida. Aka sake matsar da murhu, wannan karon har jikin bangon ɗakin Iya. 'Ya'yan maƙwabta suka ragu, domin in mun zauna gwiwa na gugar gwiwa, mai zuwa a makare sai dai ya tsaya.

Ba a daɗe sosai ba 'yan haya suka ce suna son wurin ajiyar dilolin atamfa da takalma. Baffa ya zo da lemo da goro, ya tambayi ƙafar Iya, ya daɗe yana hira kafin ya kawo maganar. Ta sake cewa ya ba ta kwana biyu. Da kafinta ya gama, abin da ya rage na tsakar gidanmu shi ne wani siririn lungu daga ƙofar waje, ya karya kwana sau ɗaya, ya iso ƙofar Iya, sai ɗan wurin da tabarma ɗaya da murhu za su zauna. In babana ya dawo daga tafiya ya yi ta faɗa, Iya ta ce ita ta ba ƙaninsa, ba ƙwata ya yi ba. Sai babana ya koma hanya.

Ni kuma duk wannan lokacin ina kare Baffa a zuciyata. Na gaya wa kaina bai haɗa lissafin ba ne, rabi rabi yake gani, bai san inda abin ya kai ba, kuma da wani zai nuna masa da ya ji kunya ya rushe ko ɗaki ɗaya ne. Na ɗauka ni ce zan nuna masa. Na same shi a ƙofar gida, ya daina bensikin a lokacin, yana zaune cikin shadda yana sauraron rediyo.

"Baffa, rabi da rubu'i da sumuni, in an haɗa, bakwai cikin takwas ke nan. Ɗaya ce ta rage wa Iya."

Ya rage ƙarar rediyo ya dube ni, fuskarsa ta washe.

"C'est ça, haka ne. Sept huitièmes, bakwai cikin takwas. Wa ya koya miki?"

"Kai."

"To kin gani, burodina bai tafi a banza ba."

Ya shafa kaina ya mayar da rediyonsa. Na tsaya a wurin kamar an zuba mini ruwan sanyi. Ashe ya sani. Tun kafin in haɗa lissafin shi ya riga ya haɗa, kuma bai dame shi ba. Na sha duka a rayuwata, na sha zagi, amma babu abin da ya ci mini rai kamar yabon da ya yi mini a ranar.

Wutar ma ba ta daɗe ba. 'Yan haya suka fara ƙorafi kayansu na warin hayaƙi, sannan gobara ta cinye wasu gidajen katako a layin bayanmu. Baffa ya shigo da tukunyar gas sabuwa, ya ajiye gaban Iya a matsayin kyauta.

"Iya, itace kusa da katako haɗari ne. Ba don ni ba, don ke."

Gaskiya ya faɗa, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Babban kaskon Iya bai zauna a kan gas ba, ƙaramin kuma yashinsa ba ya ɗaukar zafi daidai, gyaɗa ta riƙa fitowa rabi ƙonanna rabi ɗanya. Masu kanti suka koma wani wuri. Babu wanda ya ce an daina tatsuniya. Babu murhu ne, babu faifai, babu wurin zama, sai kowa ya shige ɗaki bayan isha'i.

Na yi aure na koma unguwar Bépanda, na haihu, kafin na iya yi wa Iya tambayar da ke cina. Tana kwance a ɗakinta, ƙafafu sun kumbura, ina shafa mata man zafi.

"Iya, ke da kika ba mu labarin bushiya har muka haddace, yaya aka yi kika yarda?"

Ta juyo ta dube ni.

"Uwata, ku kika ɗauka nake ba wa?"

Na tsayar da hannuna.

"Kin taɓa jin na ba da ita ranar da Auta ba ya kan benci?"

Na yi ta lalube a cikin kaina, ban samu ko dare ɗaya ba.

"Ban iya duban idonsa in ce a'a ba," ta ce. "Ɗan da na haifa da tsufa, ubansa ya mutu ya bar mini shi yana rarrafe. Sai na ce bari in gaya masa ta inda ba zai ji kunya a gaban yara ba. In na ce ya ba ni kwana biyu, to a kwanakin nan nake ba da ita, ko zai zo da kansa ya ce, Iya, na fasa."

"Wataƙila bai gane ba," na ce, ni da na riga na san amsa.

"Auta? Yaron da ya fi kowa kai a gidan nan?" Ta juya fuska ga bango. "Ya gane sarai. Ya ci gyaɗarsa, ya kira kafinta."

Da damina ta rasu. Aka kawo makara daga masallaci, ta shiga lungun, ta iso kwana, ta ƙi juyawa. Maza suka karkata ta, suka ɗaga ta tsaye, suka ja baya suka sake gwadawa, ni ina bakin ƙofa ina kallo. Daga ƙarshe aka mayar da makarar titi, aka ɗauko Iya a tabarma, kuma a kwanar nan sai da aka ɗan lanƙwasa ta kafin ta wuce. Baffa ne ke riƙe da wajen kai, hawaye na zuba har gemu, kuma na san kukan gaske yake yi. Maƙwabta suna ta ce masa, "Ashiya, ashiya," wato sannu da haƙuri. Zaman makoki a gidan wasu aka yi shi, domin matar da ta yi shekaru tana karɓar tukwanen unguwa ba ta da inda mutum biyar za su zauna su yi mata addu'a.

Mutane suna ce mini in yafe, in manta. Suna tuna mini cewa Baffa bai taɓa barin Iya da yunwa ba, shi ya riƙa kai ta asibiti, kuma ko taku ɗaya na filin nan bai ɗauka da ƙarfi ba. Duk gaskiya ne. Babu alƙali ko malamin da zai ce ya yi laifi, roƙa ya yi aka ba shi. Na yi shekaru ina ɗaukar tatsuniyar nan a matsayin gargaɗi ga wawaye, sai da na girma na ga ba wauta ce ta dunƙule bushiya ba. Mai bayarwa roƙon yau kaɗai yake dubawa, ya ga ai rabi ne, ya ga fuskar wanda yake ƙauna. Mai roƙo shi ke riƙe da jimla. Abin da har yau na kasa mantawa shi ne, uwa ta roƙi ɗanta da iyakar harshen da take da shi, ya ji, ya fahimta, ya yi dariya.

Baffa ya tsufa yanzu, gemu ya yi fari fat. Yana zuwa gidana, ina durƙusawa in gaishe shi, ina ba shi abinci, 'ya'yana suna son sa kamar yadda na so shi. Da Sallar da ta wuce ya zo mana yini, magariba ta yi aka ɗauke wuta, yara suka kewaye shi suna roƙon tatsuniya. Ina kicin ina kwashe tuwo na ji ya ƙanƙance murya, irin ta Iya sak, yana cewa bushiya da can ba dunƙulalliya ba ce.

A tarbiyyar da aka yi mana, ba a katse ƙanin uba yana magana. Na ajiye mara na fito, hannuna duk tuwo.

"Baffa, ban da wannan."

Ya ɗago yana murmushi. "Haba Hauwa'u, ta kakarsu ce fa. Bari su ji ko rabinta ne."

"Ko rabi ban yarda ba."

Ya dube ni, na dube shi, ban sauke ido ba. Can sai ya sunkuyar da kai ya shiga laluben carbinsa a aljihu. Yara suka yi ta fushi da ni har suka ƙi cin tuwo, na ƙyale su.